Yadda Ake Kallon Hawan Sallah da Wasannin Bazara a Birnin Katsina

A 'yan shekarun nan Sallah ta koma cikin bazara, kuma duk wanda yake son ya ga abin da birnin Katsina ya tanada na hawa da kiɗa da wasanni dole ne ya sa zafin rana a cikin lissafinsa. An yi Ƙaramar Sallah ta 2023 a ranar 21 ga Afrilu, ta 2024 a ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma a ranar 30 ga Maris, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa kowace shekara Sallah take ƙara matsowa. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah akwai wata biyu da kimanin kwana goma, saboda haka idan ta farko ta faɗo a rabin Maris na biyu, ta biyun za ta zo a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da manoma suke sauraron saukar ruwan farko. Ke nan bazarar tana kwance ne tsakanin hawa biyu, a watannin da zafin Katsina yake kai maki 40 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ma ya haura.

Shawarar da ke cikin wannan rubutu ta ginu a kan abu biyu. Na farko, a raba yini gida uku, a ba hawa safiya, a ba inuwa da wuraren tarihi tsakar rana, a bar dambe da kiɗa sai bayan la'asar. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, mutum ya san abin da yake kallo, domin hawan Katsina tarihin masarauta ne yake wucewa a gaban jama'a a kan dawaki, kuma wanda bai san Ƙaura daga Durɓi ba, bai bambance kakaki da algaita ba, zai koma gida da hotuna a waya alhali rabin abin da aka yi ya wuce shi.

Tabbatar da rana kafin ka taso

Ranar Sallah kanta sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, amma batun hawa yana hannun Majalisar Masarautar Katsina, kuma an sha dakatar da shi. An dakatar a 2020 saboda annobar korona, an kuma dakatar a wasu shekarun saboda matsalar tsaro da ta addabi sassan jihar, inda masarauta ta nemi jama'a su duƙufa ga addu'a a maimakonsa. Sanarwar takan fito ne dab da Sallah, kuma inda ya fi dacewa ka neme ta shi ne Gidan Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM, ko kuma bakin wani na kusa da fada. Kada ka dogara da takardar da aka turo maka ta WhatsApp sai ka duba kwanan watan da ke jikinta, domin tsofaffin sanarwoyi sukan dawo yawo a duk lokacin da Sallah ta gabato.

Idan daga wani gari za ka zo, ka nemi masauki tun da sauran mako guda ko fiye. Ka ciri kuɗin da za ka bukata kafin a rufe bankuna, ka kuma nemi canji, domin mai Keke Napep da mai fura da makaɗi duk da ƙananan takardu ake mu'amala da su, kuma masu POS sukan ƙara caji a ranakun hutu.

Kwanakin da suke gaban Sallah

Wanda ya iso tun cikin azumi zai samu tashe, wanda ake farawa idan wata ya kwana goma. Bayan an sha ruwa an yi asham, yara da samari sukan fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje da majalisu, wani ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda kamar tsoho, wani ya naɗa rawani ya kwaikwayi malami, wasu kuma su zolayi gwauro ko marowaci, 'yan mata su ma suna da nasu wasannin da suke shiga cikin gidaje da su. A ganina wannan shi ne tsohon wasan kwaikwayon Bahaushe, kuma ya cancanci a kalle shi da natsuwa, domin a cikin raha ake faɗa wa manya abin da ba a iya faɗa musu kai tsaye. Tsofaffin unguwannin cikin ganuwa irin su Gambarawa da Yarinci da Masanawa sun fi dacewa da neman tashe fiye da sababbin unguwannin bayan gari. Ka zauna a majalisar da kake da idon sani, ka tanadi 'yan kuɗi ko hatsi da za ka ba kowace ƙungiya, kada kuma ka haska wa yara fitilar waya a fuska suna tsakiyar wasa. Ya kamata a lura cewa da yake azumi yana matsowa cikin Fabrairu, tashe yana fita daga bazara yana komawa ƙarshen sanyi, kuma wanda ya zo ana gobe Sallah ya riga ya makara.

A goman ƙarshe na azumi, ka keɓe safiya ɗaya ka zagaya wurin masu sana'ar hannu. A lokacin ne dukawa suke gyaran sirdi da linzami da kayan adon doki, maƙera suna duba likkafa da takubba, maɗinka kuma suna kwana a kan manyan riguna da huluna. Wanda ya ga yadda ake ɗinka jalala da hannu, zare bayan zare, zai kalle ta da wani ido dabam idan ya gan ta a bayan doki ranar hawa. Ka yi sallama, ka ce “sannunku da aiki”, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kuma kada ka tsayar da mutum da dogon surutu alhali masu kaya suna jiransa. Idan da hali ka sayi wani abu, ko da jakar fata ce ko takalmi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah hakimai suke shigowa birni da dawakinsu da makaɗansu, kuma a daren Sallah akan ji tambura daga fada. Ka je Ƙofar Soro, wato ƙofar fada, bayan isha'i ka tsaya daga nesa ka saurara. Sautin tambari mai nauyi ne, a ƙirji ake jin sa kafin kunne ya gama tantance shi, kuma wanda ya saurare shi cikin sararin dare zai gane shi washegari komai hayaniyar taro.

Inda za ka tsaya da abin da za ka riƙe

Tsarin ranar Sallah shi ne, bayan an sauko daga Idi sai Mai Martaba Sarki ya dawo gida a kan doki tare da hakimansa, a taru a Filin Kangiwa da ke gaban fada, a yi jahi, wato sukuwar gaida Sarki, sannan Sarki ya yi wa jama'a jawabi. Wannan ya ba ka zaɓi biyu, kuma da wuya ka haɗa su a rana ɗaya saboda cunkoso. Idan ka tsaya a bakin hanyar da tawaga take bi, za ka ga kowane hakimi da mutanensa kusa da kusa, har ka iya ƙare wa ɗinkin alkyabba kallo. Idan ka zaɓi Kangiwa, za ka ga jahi ka ji jawabi, amma sai ka yi sammako kuma ka jure tsayuwar rana. Wanda wannan ne zuwansa na farko, ko wanda yake tare da iyali, ya zaɓi bakin hanya ranar Sallah.

Da safe rana tana gabas, saboda haka ka tsaya a gefen titi na gabas, ranar ta kasance a bayanka. Ta haka za ka samu inuwar katanga ko ta bishiyar bedi, hasken kuma zai sauka a kan mahaya maimakon ya kashe maka ido. Ka sa tufafin auduga masu haske da sakewa, ka riƙe malafa ko laima, kuma kowane mutum ya zo da ruwan da bai gaza lita ɗaya da rabi ba, domin ruwan leda da ake sayarwa a wurin yakan ƙare ko ya yi zafi kafin tawagar Sarki ta iso. Ka ci abinci kafin ka fito. Jikin da ya yi wata guda yana azumi cikin zafi bai gama murmurewa ba, kuma jiri da ciwon kai da ɗaukewar zufa alamu ne na cewa rana ta fara yi wa mutum illa. Wanda ya ji haka ya koma inuwa nan take, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko ruwan gishiri da sukari, idan bai dawo daidai ba a kai shi asibiti.

Motarka ka bar ta nesa da tsakiyar gari ka ƙarasa da ƙafa, domin akan rufe hanyoyin da suke kaiwa fada. Idan da yara, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa wa kowannensu a aljihu, ku kuma yi alkawarin wurin haɗuwa idan an rabu. Iyakar da dogarai da jami'an tsaro suka shata ita ce iyaka. Doki mai gudu ba ya iya tsayawa don mutum ya gitta, kuma ƙarar bindigar gargajiya takan firgita doki ya yi gefe ba tare da mahayinsa ya so ba. Idan dogari ya ce a ja da baya, ka ce “to, ranka ya daɗe”, ka ja.

Yadda ake karanta hawa

Bisa al'ada hakimai ne suke wucewa da farko, kowanne da tawagarsa, Sarki ya zo daga ƙarshe. Abin da zai taimake ka ka gane su shi ne sunayen ƙofofin birnin da ka riga ka sani, domin da dama daga cikinsu sunayen sarautu ne. Akwai Ƙofar Ƙaura, kuma Ƙauran Katsina yana zaune a Rimi. Akwai Ƙofar Durɓi, kuma Durɓin Katsina yana Mani. Akwai Ƙofar 'Yanɗaka, kuma 'Yanɗakan Katsina yana Dutsin-Ma. Galadiman Katsina kuwa yana Malumfashi. Waɗannan tsofaffin sarautu ne masu nauyi a majalisar Sarki, kuma idan ka saurari maroƙin da ke gaban kowace tawaga za ka ji yana ambaton sarautar ubangidansa da kirarinta da sunayen kakanninsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya kusa da wani dattijo ɗan gari, ka gaishe shi, ka ce “Baba, wannan wane hakimi ne?” Katsinawa, mutanen ta Dikko ɗakin kara, ba su cika ƙyashin irin wannan bayani ba, kuma sau da yawa za ka samu fiye da abin da ka tambaya.

Daga nan sai ka koyi kallon kaya. 'Yan lifidi su ne waɗanda aka lulluɓe su da dawakinsu da kaya masu kauri cushe da auduga, suna sanye da kwalkwali mai gashin jimina, kuma asalin wannan shiga kariya ce daga kibiya a zamanin yaƙi. 'Yan sulke suna sanye da rigar ƙarfe da aka saƙa zobe cikin zobe. Ka tuna cewa mutanen nan suna ɗauke da wannan nauyi ne a cikin zafin bazara, abin da ya isa ya sa ka girmama su. 'Yan baka da 'yan bindiga suna tafiya a ƙasa, zagage suna gaban dokin ubangidansu riƙe da kayansa, dogarai kuma ana gane su da jan kaya mai haɗe da kore. Rawani ma yana magana: mai kunnuwa biyu a sama galibi alama ce ta jinin sarauta, baƙin rawani mai ƙyalli kuma, wato ɗan kura, aikin marina ne da aka rina da baba aka buga har ya yi sheƙi. A jikin manyan riguna za ka ga ɗinkin aska biyu da aska takwas, waɗanda idan da hannu aka yi su sukan ci watanni kafin a kammala.

Kunne ya fi ido saurin sanar da kai abin da ke tafe. Algaita, wadda mai busa ta yake cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci don kada sautin ya yanke, za ka ji ta a tawagar hakimai da yawa, tare da ganguna da kalangu. Kakaki kuwa, dogon ƙahon ƙarfe da ya fi tsawon mutum, na sarki ne, haka ma tambura, waɗanda akan ɗora wa raƙuma a cikin jerin gwano. Idan ka ji harbin bindiga ya yawaita, kakaki ya tashi, ka hango laima tana juyawa a saman kawuna, to Sarki ya iso. A nan ne ake jinjina, wato a dunƙule hannun dama a ɗaga, ana cewa “Allah ya ja zamanin Sarki” ko “Allah ya taimaki Sarki”, dogarai suna amsawa a madadinsa. Ina roƙon mai karatu ya sauke wayarsa a wannan lokaci ya yi jinjinar da hannunsa, domin masu ɗaukar hoto na sana'a suna nan kuma hotunansu za su fi nasa kyau, gaisuwa kuwa babu wanda zai yi masa ita.

Sanin ɗan tarihin gidan yana ƙara wa kallon ma'ana. Ana kiran fadar Gidan Korau ne da sunan Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Musulmi na farko da ya sarauci Katsina, kuma labarin gargajiya ya ce a kokawa ya kayar da sarkin lokacin, Sanau, ya karɓi mulki. Takobin nan Gajere da ake dangantawa da shi yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Bayan jihadi mulki ya koma hannun Ummarun Dallaje da zuriyarsa, tsofaffin sarakunan kuma suka koma Maraɗi. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sannan Sarki na yanzu, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman. Gidan Dikko gidan dawaki ne: a zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina, kuma Nagogo ya yi suna a cikin 'yan wasan folo na ƙasar nan. Wannan son doki da aka gada shi ne kake gani a irin dawakin da ake fitowa da su da kuma yadda ake zama a kansu.

Jahi shi ne ƙololuwar ranar. Mahaya sukan jeru su sako dawaki a guje zuwa inda Sarki yake, su ja linzami su tsaya cak dab da shi, suna ɗaga takubba ko masu ko dunƙulallen hannu. Mubaya'a ce da nuna cewa dawaki da mazaje a shirye suke, kuma gwanintar tana cikin tsayawar, saboda haka ka sa ido a kan yadda layin yake tsayawa tare ba tare da wani ya zarce ba. Bayan an gama a tsaya a saurari jawabin Sarki, wanda yakan taɓo zaman lafiya da noma da lafiya da karatun yara. Mutane da yawa sukan fara watsewa a lokacin, kuma hakan bai dace ba.

Washegari ake Hawan Bariki, inda Sarki yake zuwa gidan gwamnati ya gana da gwamna sannan ya zagayo ta cikin gari, al'adar da ta samo asali tun lokacin da ake zuwa gaida Razdan a zamanin Turawa. Hanyar ta fi tsawo, saboda haka wuraren tsayuwa sun fi yawa kuma cunkoson ya fi sauƙi, ga shi mahaya sukan sauya kaya. Wanda ya kalli hawan farko daga Kangiwa ya kalli wannan daga bakin hanya.

Tsakar rana

Daga azahar zuwa la'asar babu hikima a yawon titi. Idan ba za ka koma masauki ka huta ba, ka nufi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A nan Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma sanyin da za ka ji a cikinsa da tsakar rana darasi ne a kan gwanintar maginan Hausa. Da yake lokutan buɗewa sukan sauya a ranakun hutu, ka tambaya tun kafin Sallah.

Hasumiyar Gobarau ka bar ta sai rana ta yi sanyi. Tsayinta ya kai kimanin mita 15, da ƙasa aka gina ta, ana kuma danganta ta da zamanin Korau, lokacin da take jikin babban masallacin gari da makarantar da ta jawo malamai daga nesa. Idan mai kula da wurin ya ba da izinin hawa, a hau mutum kaɗan-kaɗan, kada a jingina da bango ko a kankare shi da rubutu, domin ginin ƙasa mai ɗaruruwan shekaru ba ya jure irin wannan. Daga nan mai sha'awa zai iya zagaya ƙofofin gari, ya tsaya a Ƙofar 'Yanɗaka wadda ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo Katsina a 1903.

Abin sha a wannan lokaci shi ne fura da nono ko kunun zaƙi ko zoɓo, daga wurin da ka ga tsabtarsa. Mangwaro ma yana kakarsa, a wanke shi kafin a sha.

Bayan la'asar

Da yamma ake dambe. A da wasan mahauta ne da ake yi bayan an kawar da amfanin gona, amma yanzu ana yin sa a gidajen dambe da ake biyan kuɗin shiga, kuma kwanakin Sallah suna cikin lokutan da manyan 'yan wasa suke zagayawa. Wuri da lokaci sukan sauya, saboda haka ka tambayi mahauta a kasuwa ko masu Keke Napep, ko ka saurari tallar rediyo. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, da shi yake kai naushi, ɗayan kuma yana miƙe yana karewa da auna tazara. Ana yin turmi uku, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, idan kuwa aka gama babu wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, irin su Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma sanin ɓangaren kowa zai fahimtar da kai dalilin da ya sa wani gefen fili yake tashi da ihu. Ka kula da mai kalangu, domin kowane shahararren ɗan dambe yana da takensa, kuma idan aka kaɗa masa za ka ga jikinsa yana tsuma kafin ya fito ya yi kirari. Ka zauna a inda dattawa suke, ka nisanci masu caca, kuma ka fita kafin a tashi gaba ɗaya.

Idan ka ji labarin kokawa, kada ka bari ta wuce ka, ko don alaƙarta da tarihin garin. 'Yan tauri da gardawa masu wasa da kura ko maciji sukan bayyana a gefen taro, a kalle su daga nesa kuma a riƙe hannun yara. Sharon Fulani ma yakan faɗo a kwanakin Sallah a wasu kasuwannin ƙauye, sai dai fita bayan gari yana bukatar ka tambayi halin da hanyar take ciki a wannan makon.

Mawaƙan zamani da 'yan fim sukan shirya wasan Sallah a ɗakunan taro da wuraren shaƙatawa. Ka sayi tikiti a ƙofa ko wurin da masu shirin suka ambata, ka tambaya ko akwai zama na iyali da rana, kuma ka duba ko ɗakin yana da iska da ƙofofin fita, domin ɗaki mai cunkoso a watan Afrilu yana da haɗari. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ita ce wurin tambaya game da raye-rayen gargajiya da ake shiryawa a hukumance. Bayan azumi kuma bukukuwan aure suna yawaita, kuma a can ne mata suke jin kiɗan ƙwarya, amma wannan sai da gayyata.

Game da yi wa makaɗa kyauta, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattaka su a wurin biki, kuma an gurfanar da mutane a kan haka. Ka miƙa wa makaɗi ko maroƙinsa a hannu. Kyautar ita ce abincin waɗannan mutane, kuma wanda ya tsaya ya ji daɗin kiɗa ya kamata ya ba da wani abu komai ƙanƙantarsa.

Daura da Babbar Sallah

Daura tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina, kuma wanda yake da kwana uku ya kamata ya ba ta ɗaya. Bayan hawan ranar Sallah, masarautar tana yin Hawan Magajiya, wanda sunansa yake tuna sarakuna mata da suka mulki garin har zuwa Daurama. Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, yana kan karaga tun 2007. Ka duba sanarwar masarautun biyu tare, domin idan Hawan Magajiya ya haɗu da Hawan Bariki a rana ɗaya sai ka zaɓi guda, ka bar ɗayan sai Babbar Sallah. Ka ziyarci rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, kuma har yanzu ana ɗebo ruwanta a ba baƙi. Sallar Gani, wadda Daura ta yi fice da ita, a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, saboda haka ba ta cikin bazara a waɗannan shekaru. Ka tafi da sassafe, ka kamo hanyar dawowa tun rana ba ta faɗi ba.

Babbar Sallah tana da nata yanayi. Hidimar layya takan janye mutane zuwa gida da zarar an sauko daga Idi, wasu masu sarauta kuma suna aikin Hajji, saboda haka taron yakan bambanta da na Ƙaramar Sallah, kuma sau da yawa an fi samun wurin tsayuwa. A ƙarshen Mayu da farkon Yuni zafin yakan haɗu da gumi, kuma hadari yana iya tasowa da yamma da iska mai ƙura kafin ruwa ya sauka. Ka riƙe leda don waya da takardu, idan kuma ka ga gabas ta yi baƙi ka bar ƙarƙashin rumfar kwano da tsofaffin bishiyoyi ka nemi gini mai ƙarfi. Wasannin fili irin su dambe da kokawa ana iya tsayar da su saboda ruwa, kuma da zarar an yi ruwan shuka 'yan wasa da makaɗa da yawa sukan koma ƙauyukansu su kama gona. Wanda dambe da kiɗa suka fi jan hankalinsa ya neme su tun daga Ƙaramar Sallah zuwa ƙarshen Afrilu, ya bar Babbar Sallah don hawan da bai samu gani ba a karon farko.